Hannuwan Mai Sabulu

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa, kuma da wuya ka same ta da busasshen hannu. A asibiti Mai Sabulu ake ce mata, har a gaban idonta, don takan wanke hannu zuwa gwiwa kafin ta taɓa mace, ta wanke bayan ta taɓa, in ta yi shakka ta koma famfo. A wurinta duniya kashi biyu ce, ga mutum ga ƙwayar cuta, ita kuma tana tsakiya da sabulu. Ba laifinta ba ne. Ta ga jaririn da aka haifa kurma saboda wani zazzaɓi mai ƙuraje da ya kama uwarsa a farkon ciki. In mabiyiya ta faɗo kuwa, sai ta shimfiɗa ta a tire, ta juya gaba da baya, ta tabbatar babu abin da ya gutsure ya saura. Ta san mabiyiya kamar yunwar cikinta.

To, ita da ta fito da 'ya'yan mutane lafiya, sai ga autarta ta yi ɓari sau biyu. Mai Sabulu ta zauna ta yi ta tunani, ta tuna duk karo biyun daga wurin aiki ta biya gidan, ta shafa cikin. Nan ta yanke wa kanta hukunci, babu alƙali babu shaida: ita ta kwaso cuta ta kai wa jikokinta. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da Auta ta samu ciki na uku, uwar ta koma gaisuwa daga bakin ƙofa. Ta ajiye leda ta ja da baya. Wata bakwai ba ta taɓa ko gefen zanin 'yarta ba, abin yana cin ta a rai ƙwarai.

Ranar wani awon ciki mijin Auta ya yi tafiya, dole uwar ta raka ta. A benci ma sai da ta bar wurin mutum biyu tsakaninsu. Likitar da suka tarar tsohuwar ɗalibarta ce, wadda ta sha faɗa a kan barin farce.

"Mama, matso mana ki ga jikanki a hoto," in ji Likita.

"Ina gani daga nan."

Likita ta dube ta, ta dubi Auta da ke kwance a gado ta juya fuska bango. "Mama, lafiya?"

Sai maganar ta kuɓuce mata, ta faɗi komai.

Likita ta ajiye na'urar hoton cikin. "Gaskiya ne wasu ƙwayoyin cuta kan ɓata halittar ɗan tayi. Amma duk karo biyun an gwada Auta, ba a ga alamarsu ba. Yawancin ɓarin farkon ciki, tun wurin haɗuwar ƙwayoyin halitta ake samun tangarɗa, ba hannun kowa. Kuma Mama, ba kowace ƙwayar cuta ce ta zame mana masifa ba. Kin ga mabiyiya? Fatarta da ke manne da mahaifa, ƙwayoyin halitta ne suka narke suka haɗe. Abin da ke haɗe su, masu bincike sun ce gado ne daga wata ƙwayar cuta da ta shiga jikin halittu tun zamanin da, ta zauna ta zama 'yar gida."

Mai Sabulu ta gyara tabarau. "Wato akwai cuta a mabiyiyar Auta?"

"A'a, ba cuta ba ce yanzu."

"Ba ke kika ce cuta ba?"

"Da can ne. Yanzu aikin gini take yi."

"Ikon Allah! Ɓarawo ya zama magini? To a ba ta magani mana."

"In babu ita, Mama, cikin ma ba zai zauna ba."

"Ni ma ina da ita?"

"Da ita kika haifi Auta."

Kanta ya ɗaure tamau. Mabiyiya nawa ta juya a tire, ashe aikin abokiyar gaba take dubawa tana cewa madalla? To wa take wankewa shekara talatin? Wacce ce ta gida, wacce ce baƙuwa? Ta rasa inda za ta kama zancen, sai ƙafafunta suka ɗauke ta zuwa wurin da suka sani, wato famfon da ke gefen gado.

Kafin ta kai, Auta ta cafke mata hannu.

"Sake ni, ban wanke ba!"

"Inna, ni na zaci kin fid da rai da wannan ne," in ji Auta, hawaye na gangara mata cikin kunne. "Na ce kin ga wani abu da idonki na aiki, kin ƙi gaya mini."

Wannan kam Mai Sabulu ta gane shi sarai, kuma ya yi mata ciwo. Wata bakwai tana tsare yarinya daga cuta, ashe ta bar ta ita kaɗai da tsoro.

Auta ta ɗora hannun a kan cikinta, ta danne. Yatsun suka sandare, can suka saki, suka fara aikin da suka sani: ga kai a ƙasa, ga baya a hagu. Sai wata 'yar dunduniya ta harbi tafin hannunta.

"Likita," in ji ta, ba ta ɗago ba, "bayaninki dai ban gane ba. Amma yaron nan kwanciyarsa daidai take."