Tunkiyar Inna da Gyauron Dawa

Ni 'yar Ƙofar Wambai ce. Kafin aure ya kai ni ƙauyen Miri, sanin da na yi wa tunkiya bai wuce na ranar Babbar Sallah ba.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, tana da wata farar tunkiya da ta raina da hannunta tun tana 'yar marainiya. Farkon damina, ranar da za ta tafi ta'aziyya Ƙofar Ran, ta ce mini, "'Yar nan, ko me za ta yi, kada ki kwance ta. Ga dusa, ga ruwa." Ba ta faɗi dalili ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Tunkiyar nan ta yi ta kuka har ta ishe ni. Na ce haba, wannan ai mugunta ce, ga ɗanyen ganye shar a bayan danga an bar ta da dusa! Na kwance ta, har ina jin na fi kowa tausayi. Ashe gyauron dawa ne, wanda ke tsirowa da ruwan fari, guba ne ga dabba. Kowa a Miri ya san haka ban da ni, uwar iyayi.

Kafin azahar cikinta ya kumbura, ta faɗi tana shure-shure. Na ɗura mata manja, na ɗura mata ruwan kanwa, duk a banza. Maza suna gona. Na ɗauko wuƙa don kada ta zama mushe, na tsaya a kanta ina cewa ai mace ba ta yanka. Tana kallona har ta daina motsi. Daga baya wani malami ya ce da na yanka ta, da ta halatta. Wallahi na so a ce bai faɗa mini ba.

Inna ta dawo da la'asar. Na so ta zage ni, ko ma ta mare ni. Sai ta durƙusa ta shafa kan tunkiyar.

"Ta sha wahala?" ta tambaye ni.

"A'a, Inna, nan da nan ne."

Ta dubi inda kofatan suka tone ƙasa, ramuka biyu masu zurfi, ta sa tafin hannu tana mayar da ƙasar a hankali. Mun zauna shekaru tare kafin ta rasu, ba ta sake tambayata ba, ni kuma ban taɓa gyara amsar nan ba. Har yau hannun nan nata nake gani yana cike ramukan.