Yaya Haruna da Yauƙin Hanji

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi yayana Haruna, ma'aikacin ɗakin gwaji a wani ƙaramin asibiti a Makarfi. Aikinsa duba jini da bayan gida. A gidanmu na Likoro mukan tsokane shi cewa ya zaɓi aikin da kowa ke toshe wa hanci, shi kuwa sai dai ya yi dariya.

Ban san darajar aikin ba sai da 'yata Asma'u ta kamu da atini tana shekara biyu, ina aure a Gazara. Duk kafson da aka kwatanta mini na sayo na ɗura mata. Wata guda cikin bai tsaya ba, yarinya ta koma kamar tsinke. Yaya Haruna ya zo duba mu a kan babur, ya zazzage ledar magungunan a tabarma.

"Ladidi," ya ce, "kin kori ɓarawo, kin haɗa da masu gadin gida."

Ya bayyana mini cewa bangon hanji yana da yauƙi irin na miyar kuɓewa, shi ke hana ƙwayoyin cuta taɓa nama. Akwai kuma ƙwayoyi na kirki a ciki, masu cin dusar hatsi da wake da ganye, abin da suke fitarwa ke sa hanji ya ƙara yauƙin. Garkuwar jiki ma in ta ji baƙo takan aika a ƙara. Maganin barkatai kuwa bai san na kirki da mugu ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ya kai ta aka gwada, likita ya rubuta magani guda. Sauran aikin na ruwan gishiri da sukari ne, da kindirmo mai tsabta, da faten wake. Kafin sati uku Asma'u tana bin kaji a tsakar gida. Bai taɓa yi mini gorin wannan ba.

Yau in na ji lasifika a kasuwar Ikara ana tallar maganin wankin ciki, ko aka turo irinsa a waya, sai in tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ina jin zai kafe babur ya tambayi mai tallar, a hankali, me cikin ya yi da za a wanke shi.

Yaya bai bar gidan bulo ba, bai rubuta littafi ba. Amma an ce alheri danƙo ne. Kwanan baya wata amarya a unguwarmu ta ga jikana yana gudawa, ta ce, "Inna, kar a ba shi kafso sai an gwada, haka surukata ta koya mini." Surukar tata a bakina ta ji. Ban gaya mata ba. Na ce mata to, na shiga ɗaki na yi wa Yaya addu'a.