Zangon karatun da na yi zaune a kan buhu

Shekarun baya, ina ajin farko na babbar sakandare a wata makarantar je-ka-ka-dawo a yankinmu na Kusada, aka taɓa fitar da kujerata daga aji saboda lissafi. Jiya wata ta tambaye ni a wurin aiki yadda aka yi na zama ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, shi ya tuno mini da labarin.

Daga Kaikai nake zuwa makaranta. Tun ina firamare ni ce doguwar aji, saboda haka kullum layin baya ake kai ni, ban kuma taɓa ƙorafi ba. A ƙaramar sakandare ina da ƙawa da muke zama tare. Abin da ta rubuta shi nake kwafa, abin da malami ya faɗa da baki kuma in riƙe a ka. Da haka na lallaɓa na ci jarrabawa aka ba ni ajin kimiyya, ita kuma ta tafi ɗaya ajin, wanda ba na kimiyya ba. A lokacin ban san idona na da matsala ba. Na ɗauka kowa dishi-dishi yake ganin allo, ya cike sauran da hasashe.

Ajin kimiyyar nan ba da wasa nake son shi ba. Akwai shekarar da mahaifiyata ta daɗe tana jinya, aka yi ta jiƙe-jiƙe babu sauƙi, har aka kai ta asibiti a Kankia. Wata mata mai farar riga ta ɗiga jininta a ɗan gilashi, ta leƙa cikin na'ura, ta faɗi abin da ke damunta. Aka ba da magani ta tashi. Tun ranar na ce aikin matar nan zan yi.

Malamin lissafinmu saurayi ne siriri, Turancinsa da sauri, rubutunsa kamar ƙwayar gero. Da shi muka shiga darasin lambobi masu pawa. Ga wanda ya manta: a rubuta goma, a ɗora wata 'yar ƙaramar uku a kafaɗarta ta dama, ma'anarsa goma sau goma sau goma, dubu ke nan. Daga nan ake wucewa zuwa gajarta dogayen lambobi, abin da muke kira standad fom, inda dubu arba'in da biyar take komawa huɗu da ɗigo biyar sau goma mai pawa huɗu. To duk darasin a kan 'yar ƙaramar lambar nan ya rataya, ni kuma daga baya ba na ganinta. Goma nake gani da ɗan dabbaren alli a gefenta. Wani lokaci in bar shi, a zatona dattin allo ne. Wani lokaci in ji malam ya ce uku, sai in rubuta ɗari da uku, in ja layi a ƙasa da kyau kamar wadda ta san abin da take yi.

Gwajin farko a allo aka rubuta tambayoyin. Na samu sifili. Na biyu ma haka. Darussan kimiyya kuma su ma duk da irin lambobin nan suke tafiya, sai faɗuwar ta bi ni har can.

Tsakiyar zango mataimakin shugaban makaranta ya kira mu ofis, mu biyar. Dattijo ne mai tsare gida, ba ya maimaita magana. Ya ce ya duba sakamakonmu, kimiyya ba ta kowa ba ce, daga gobe mu koma ɗaya ajin, kuma gata ya yi mana. Huɗun suka ce to. Ni na ce masa ba zan koma ba.

Ya ɗago kai ya dube ni, ya tambaya ko ban ji Hausa ba ne. Na ce na ji, amma jarrabawa na ci aka ba ni ajin nan, ba roƙo na yi ba. 

"Ke yarinya," ya ce, "taurin kai ba ya cin lissafi."

Washegari da na zo, babu kujerata. Kujera ce mai haɗe da tebur da mahaifina ya sa kafinta ya yi mini, an sa monita da wasu sun kai ta ɗaya ajin. Na tsaya a bakin ƙofa kowa na kallona. Ranar a tsaye na yi darasi a bayan aji. Da na koma gida ban faɗa wa kowa ba, na dai zazzage wani buhun taki, na wanke, na shanya, na ninke shi cikin jaka.

Ajin a cike yake maƙil, babu filin shimfiɗa sai ɗan sararin da ke tsakanin layin gaba da allo. Nan na baza buhuna na zauna. 'Yan aji suka yi ta dariya, wani ya tambaya ko tumatir na kawo. Malamin lissafi ya shigo, ya dube ni, ya dubi buhun. Ya juya ya rubuta goma, ya ɗaga hannu kaɗan ya ƙara wani abu. Alli na zubo mini a ka, ni kuwa na ƙura ido. Lamba ce. Uku ce sarai, da cikinta biyu, zaune a kafaɗar goma.

Ban ɗaga hannu ba ma na ce, "Malam, 'yar ƙaramar ukun nan, dama can kana rubuta ta?"

Aji ya sake fashewa da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce in tashi in koma inda nake zama a da. Ya rubuta wasu lambobi ya ce in karanto. Na karanto manyan, ƙananan na ce babu komai a wurin. Ya sa in riƙa matsowa, sai da na zo kusan layi na biyu suka fito. Ya ajiye allin. Bayan an tashi ya kira ni ya ce in faɗa a gida a kai ni a duba idona, ya kuma ce zai je ya ga mataimakin shugaba.

Ya je ɗin. Amsar da ya dawo da ita ita ce an riga an yanke hukunci, amma tunda na nace, in zauna zuwa jarrabawar ƙarshen zango. In na ci lissafi shi ke nan, in na faɗi in bi kujerata ba tare da surutu ba.

A gida kuma wata rigimar ce. Mahaifina bai ƙi ba, amma yayansa, Baffanmu, ya ce tabarau cinye ido yake yi, kuma yarinya ƙarama da gilashi a fuska ai iyayi ne. Ya ƙara da cewa tunda malamai sun ce ga ajin da ya dace da ni, musu da manya rashin kunya ne, in je in ba dattijon haƙuri. Mahaifiyata tana daga ɗaki tana ji. Ranar kasuwar Kankia ta ce in shirya in raka ta sayen kayan miya, muka zarce asibiti aka duba idona. Da tabaran ya iso na saka, abin da na fara gani zabin maƙwabta ne suna kiwo a can bakin gona. Ashe ɗige-ɗigen jikinsu daga nesa ma ana ganinsu. Ni duk rayuwata na ɗauka sai an kama zabo a hannu suke fitowa.

Na zaci da saka tabarau lissafi zai shige kaina da kansa. Ina! Gani kawai ya ba ni, rabin zango kuma ya riga ya wuce ni. Da na ga goma mai pawa uku sai na ce talatin, don a ganina goma sau uku ne. Da muka zo inda ake sa alamar ragi a gaban pawa, sai na ɗauka lambar gaba ɗaya ta faɗa ƙasa da sifili. Malam ya riƙa ba ni lokacinsa na hutun tara, yana cin ƙosansa yana bayani, cewa ragin nan ba ya nufin babu, yana nufin abu ne ƙarami ƙwarai, an raba shi goma, an sake raba shi goma. Da na ba shi labarin matar asibitin nan, ya ce irin girman abubuwan da take leƙawa ke nan. Wannan maganar ce ta sa na daina jin haushin darasin.

Sai tafiyar ɗigo. In lamba doguwa ce, a ja ɗigo hagu har ya tsaya bayan lamba ta farko, yawan tsallen da ya yi shi ne pawa. In kuma 'yar mitsitsiya ce mai tarin sifili a gaba, a ja shi dama, pawa ta ɗauki ragi. Na yi ta juya hagu da dama kamar sabuwar mai koyon keke. Da yamma in ɗauki gawayi in cika bangon bayan ɗaki da lambobi, ina yi ina faɗa da ƙarfi. Wata rana mahaifiyata tana tankaɗe ta ji pawa, pawa, ta ce, "Wai ni ɗiyar nan, likita za ki zama ko mahauciya? Mi ya haɗa boko da fawa?"

A wannan tsakanin wata a layin gaba ta ce in zo mu matsa a kujerarta. Malam ma ya ce zai samo mini benci. Na gode musu na ƙi. Na ce ina da kujera, waɗanda suka fitar da ita sun san inda take. Haka na ƙare zangon a kan buhu, ƙafa na sagewa, hijabi fari fat da alli. Mataimakin shugaba in ya wuce ta taga sai ya kau da kai, ni kuma sai in ƙara gyara zama don ya gan ni da kyau.

Kada ku zaci na zo na ɗaya. Na ci dai, ci na tsaka-tsaki wanda ba mai iya musunsa, kuma tambayoyin pawa ban faɗi ko ɗaya ba. Ranar da aka dawo daga hutu dattijon ya tare ni a baranda ya ce in je in ɗauko kujerata. Na ce masa, cikin ladabi iyakar iyawata, ba ni na kai ta ba. Ya daɗe yana kallona ta saman nasa tabaran. Kafin a shiga darasi na biyu monita ya shigo da ita a ka, malamin lissafi ya nuna masa layin gaba.

Abin da har yau yake ci mini rai ba buhun ba ne. Cikin huɗun da suka ce to, akwai wadda muke layin baya tare, ita ma sai ta ƙanƙance ido take kallon allo. Na je na same ta na ce ta zo a gwada ta yadda aka gwada ni. Ta ce ita kunyar da ta sha ta ishe ta, ba za ta sake tsayawa gaban aji a yi mata dariya ba. Ba ta dawo ajin kimiyya ba, babu kuma wanda ya neme ta.

Yanzu kullum da irin lambobin nan nake aiki, sakamakon jini da su ake rubuta shi. Mutane kan ce mini haƙuri ne ya kai ni, ni kuwa na san ba shi ba ne. Da na yi irin haƙurin da aka nema a wurina ranar, da an rufe maganar a kan cewa ba ni da ƙwaƙwalwa, ni ma da na yarda. Dattijon yana nan da ransa, ya yi ritaya, mukan haɗu a wurin biki ko ta'aziyya. Ina durƙusawa har ƙasa in gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi aiki da yara. Baffa kuwa har ya rasu yana tuna mini cewa ban je na ba dattijon haƙuri ba. Allah ya ji ƙansa, gaskiya ya faɗa. Ban je ba, kuma ba zan je ba.