Gadin citta ya kai ni wankin ƙoda

'Yan'uwa, kun daɗe ba ku ji ni ba. Wasu har sun tambayi Mama ko na gudu Abuja. Ban je ko'ina ba, ina kwance a asibiti a Kafanchan.

Bana citta ta yi kyau a gonarmu ta Fadan Kaje. Da rana ina haƙa, ina ɗauka zuwa kan dutsen da muke shanya. Can nake kwana saboda ɓarayi. Sai na sa alam a waya, kowane rabin awa ya tashe ni, in haska tocila, in koma. Da safe in jiki ya ƙi, in haɗiye tiramol in shiga gona.

Cinyoyi suka fara ciwo. Ciwon jiya bai tafi ba, na yau ya hau kansa.

Ran Lahadi a coci aka ce mu tashi waƙa, ƙafafuna suka ƙi. Fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. Daga baya ya kusan tsayawa.

Ƙanwata Ladi ta kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa, aka sa min robar fitsari. Mama ba ta karatu, amma ta koyi duba jakar fitsari. Ta ɗaga ta, ta duba, ta ajiye.

Mutumin gadon kusa da ni aka rufe shi da zane ina kallo.

Likita ya ce wahalar aiki, rashin shan ruwa da ƙwaya ne suka farfasa naman jikina, dattin ya toshe ƙoda. Ya ce, "Kana barci kuwa?"

Na ce, "Ina yi, Dokta, har gari ya waye."

Ladi ta ce, "Wane barci? Wayarsa ta fi zakara cara."

Likita ya ce barci hawa-hawa ne. Ana fara da mara nauyi, a gangara cikin mai nauyi, sai na mafarki, a sake zagayowa. A mai nauyin ne jiki ya fi gyara naman da aiki ya yayyaga. "Kai kuwa da ka fara gangarawa, sai alam ya jawo ka sama."

Aka yi min wankin ƙoda. Kuɗinsa ba na talaka ba ne. Baba ya sayar da cittar nan duka tun ba ta gama bushewa ba.

Ɓarawo bai taɓa ko ɗaya ba.

Yanzu ina gida, ina takawa da sanda. Ƙafar hagu har yanzu rawa take. Da yamma Mama ke karɓe wayata, ta ce, "Bitrus, kwanta. Ba abin gadi kuma."

Na gode wa Yesu da ya bar ni da rai. Na gode wa Ladi, nas-nas, da zumuntar matan coci da suka riƙa kawo kunu.

Masu gadin shanya, ku raba dare, wani ya tsaya wani ya yi barcinsa a miƙe. Ku sha ruwa, ku bar ƙwaya. In fitsari ya yi baƙi, asibiti ranar nan, ba kemis ba.