Damin Geron da Majo Ya Yafe

Har yanzu ranar da muka yi zaman gonar Majo Isufu ba ta fita a raina ba. A ƙarshen shekarar 1984 ne, bayan damina ta sake cin amanar mutane, lokacin soja ke mulki. Ina sakatare a ofishin sufurefe a Tasawa. Sufurefe shi ne wakilin gwamnati a yanki, talakawa kumandan suke ce masa. Aikina buga takardu a keken rubutu, da ajiye fayil, da yin tafinta in mai magana ba ya jin Faransanci.

Majo Isufu tsohon ma'aikacin asibiti ne, babban malamin jinya irin wanda muke ce wa majo, shekara talatin yana yawon likitoci daga gari zuwa gari kafin ya ajiye aiki ya koma garinsu kusa da Korgom. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a Madina, mijinta tela ne mai takardar zama. Burin Majo ya ƙarasa kwanansa kusa da ita. Mutane da yawa a lokacin bizar umra suke nema, in sun je su ɓace cikin gari. Majo ya ce shi bai tsufa don ya riƙa gudun 'yan sanda ba, ta ƙofa zai shiga.

Ƙofar kuwa tana da tsawo. Fasfo a Yamai kaɗai ake yi. Kafin nan sai takardar haihuwa daga alƙali, da shaidar biyan haraji, da binciken jandarma, da izinin fita, don tsohon ma'aikacin gwamnati ba ya barin ƙasa haka nan a wancan zamani. Ni na haɗa masa fayil ɗin. Sau uku yana dawowa daga Yamai, kullum da abin da aka ce babu. Majo ba ya fushi, sai ya gyara tabarau ya ce, "To, mi ya rage, ɗana?" Bayan wata goma surukinsa ya aiko da takardar ɗaukar nauyi, aka buga masa biza. Wata uku aka ba shi ya shiga ƙasar, in ya wuce ta mutu.

Saura kuɗin jirgi da na zama, kuma ban da gidansa abin da ya mallaka gona ce ta gado. Wani ɗan kasuwa ya yarda zai saya, amma ya ce sai da takardar ofis mai hatimi. A nan aka tsaya, domin gonar tana hannun wani Nomau, ɗan aminin Majo, wanda aka ba mahaifinsa aronta tun Majo yana saurayi.

Ga waɗanda ba su san al'adar ba: in an ba ka aron gona, duk kaka kana kai wa mai ita dami ɗaya na gero. Ba haya ba ce. Tuni ne, a gaban mutane, cewa gonar ba taka ba ce. A gefe guda kuma, tun farkon mulkin soja an yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce. Saboda haka duk rigimar da ta zo gabanmu, tambaya ɗaya ake yi: yaushe aka kai dami na ƙarshe?

Na san amsar, don mai gari ya gaya mini. A babban farin 1973 Nomau ya kawo dami, Majo ya dubi yaran Nomau ya ce ya mayar, kada ya sake kawowa sai duniya ta gyaru. Duniya ba ta gyaru sosai ba, maganar kuma ta kwanta shekara goma sha ɗaya.

Da safiyar zaman na ja Majo bayan ofis. Ba abin alfahari ba ne, amma na yi. Na ce, "Baba, in kumandan ya tambaye ka, ka ce yana kawowa. Nomau ba zai iya ƙaryata ka a gaban jama'a ba, kunya ba za ta bar shi ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, ƙasar Manzo za ni. Da wanga guzuri kake so in tahi?"

Muka koma cikin ofis.

Aka zauna: kumandan, wakilin sarki, mai gari, Majo a kan kujera, Nomau a ƙasa da hularsa a hannu. Kumandan ba mugu ba ne, mutum ne mai son a gama abu kafin azahar. Ya yi tambayar, na fassara.

Majo ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranka ya daɗe. Ni na ce ya bari."

"Akwai takarda?"

"Takarda tsakanina da ɗan aminina?"

Kumandan ya juya ga Nomau, ya ce gonar ta wa ce. Kalma ɗaya za ta kai Majo Madina, kuma kowa a ɗakin ya san haka. Kowa kuma ya san ɗan kasuwar nan ba zai bar Nomau a gonar ba, ga shi da baki tara a gida, rumbu ba ko zangarniya. Nomau ya daɗe yana murza hular. Sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Ranka ya daɗe, ni dai cikinta na tashi na iske ubana shina noma."

Bai yi ƙarya ba. Abin da ya ba ni haushi ke nan har yau, duk cikinmu ba wanda ya yi ƙarya, ni kaɗai na yi niyya.

Kumandan ya yanke: gona ta zauna hannun mai nomanta, ba sayarwa. Ni na buga hukuncin, kwafi huɗu, na kai aka sa hannu. Da na miƙa wa Majo nasa, ya karanta har ƙasa, ya nuna mini inda na tsallake harafi, na gyara. Na ce masa akwai ɗaukaka ƙara a Maraɗi. Ya tambayi wata nawa, na ce shida in an yi sa'a. Ya ce bizarsa saura kwana arba'in. Na soma zagin Nomau, ya tare ni. "Bar shi. Yunwa ta yi magana, ba shi ba."

Ya nemi mai sayen gidansa, amma a shekarar nan kowa sayarwa yake, ba mai saye. Biza ta mutu a aljihunsa. Surukin ya sake nema, ba a bayar ba.

Bayan haka ina ganinsa sau ɗaya a shekara, in ya zo karɓar takardar shaidar yana raye, wadda sai da ita ake biyan fansho. Shekara shida na buga masa ita. A ta bakwai Nomau ne ya shigo, ya tsaya a bakin tebur, ya ce ya zo shaida rasuwa. Na tambayi dangantakarsa da mamacin, don akwai gurbin da ake cikewa. Ya ce shi ya yi jinyarsa wata biyar, shi ya yi masa wanka. Babu gurbin wannan a takardar, sai na rubuta maƙwabci.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na ɗauka. Ofis ba ya ganin abin da ba a rubuta ba, mutanenmu kuwa rigima suke kawowa a rubuta, alheri ba sa rubuta shi, don suna ganin abin kunya ne. Tun daga shekarar hukuncin nan, duk wanda na ji ya ba da aron gona ko ya yafe dami, sai na matsa masa ya zo mu sa a takarda da shaidu biyu. An ce ina raba zumunta, an ce na zama Nasara. Ban damu ba. Na riga na buga wa mutumin kirki hukuncin kirkinsa da hannuna, kuma sau ɗaya ya ishe ni.