Eugène da motar da ke durƙusa wa Alhaji Wada

Shekara arba'in da ɗaya Eugène yana buɗe garejinsa a Garwa tun rana ba ta yi zafi ba. Ya share ƙasa, ya wanke hannu, sannan ya taɓa mota. Sauran makanikai sai sun gama aiki suke wanke hannu. Shi cewa yake ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe irin motocin da yake gyarawa.

Motocin nan na da ne, ba su da sifirin, ƙarfen nan mai lotsawa da ke ɗauke da jikin mota. A kan koren mai da wasu ƙwallayen ƙarfe masu iska suke zaune. A kashe inji su kwanta, a tayar su miƙe kamar raƙumi. Lokacin da Garwa take Garwa, likitoci da manyan ma'aikatan auduga ke hawansu. Yau uku suka rage a garin, duka ukun hannun Eugène ne ke riƙe da su.

Ɗaya ta Alhaji Wada ce, dillalin shanu. Bijimi ya karya masa ƙugu shekara tara da suka wuce, ƙafarsa ba ta ɗaguwa. Mutum ne da bai yarda a tallabe shi a gaban jama'a ba. Motar ce ta rufa masa asiri. In zai shiga a kwantar da ita, ya zauna. In zai fita a ɗaga ta, ya zuro ƙafa ya tsaya da sandarsa.

Bara, a hanyar Tibati, man ya zube. Direba ya ga babu kore, ya zuba man birki, a ganinsa mai mai ne. Man ya cinye robobi duka. Mota ta kwanta, ta ƙi tashi. Alhaji ya yi wata biyu a gida, ko kasuwa bai leƙa ba.

Ɗansa Muhaimin ya jawo ta gareji, ya ce, "Baba Eugène, cire tarkacen nan ka sa mata sifirin kamar ta kowa, mu huta."

Eugène ya ce, "Aikin yini ɗaya ne. To wa zai riƙa ɗaukar tsohon?"

"Mu mana."

"Ka taɓa gwadawa?"

"Sau ɗaya. Ya kai mini sanda."

"To ka ga. Je ka, ka dawo bayan kwana goma."

Maƙwabtan gareji sun shaida. Bututu ɗaya-ɗaya ya kwance, ya wanke, ya busar. Ya hau motar haya zuwa Marwa, ya samo ƙwallaye da robobi a jikin wata matacciyar mota da kaji ke kwana a cikinta a unguwar Domayo. Ranar goma Alhaji Wada ya zo da kansa. Ya dubi motar a kwance, ya ce, "Eugène, in ta kunyata ni, kai zan ɗora wa laifi."

"Shiga, Alhaji. Ta fi ka biyayya."

Ya zauna. Aka tayar da inji, ta miƙe da shi a hankali. Bai yi godiya ba, ba halinsa ba ne. Washegari dai an ga rago ɗaure a ƙofar gareji.

Ƙarshen watan nan Eugène zai rufe, hannunsa ya fara rawa. Eugène, kai ne makanikin da ke tambayar wa zai hau kafin ya ɗauki sifana. Kai ne ka san tsohon abu ba shara ba ne. Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya.

Ku makanikan yanzu, saura kwana ashirin. Ku je ku tsaya a bayansa, ku rufe baki, ku kalli hannunsa. Alhaji Wada yana da rai, yana zuwa kasuwar shanu kowane mako, kuma ba zai yarda ku ɗauke shi ba.