Ƙwayar da Na Jefa a Rubutun Kaka

Na manta abubuwa da yawa na shekarar da na fara fita waje, har launin jakar da na riƙe ban iya tunawa. Amma wunin da na yi a ƙauyen kakata, a bakin Komadugu, yana nan a raina kamar jiya, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

Na gama karatun noman rani ke nan, aka ba ni gurbin horo na wata shida a wata ƙasa da ke gabashin Afirka. A takardar da suka aiko sun ce yankin na fama da kwalara, gara mutum ya sha rigakafi kafin ya taso. Ni kuwa mutum ne mai karanta takarda sau uku, sai na wuce likita, wato asibiti, a Diffa. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ba ni maganin a ƴar kwalba na shanye. Ya ce in dawo bayan sati biyu in sha na biyu, kuma ko bayan nan sai an ɗan kwana biyu kafin ya kama jiki.

"Ko ya kama ma, ba katanga ba ne," in ji shi. "Ruwa dafaffe, sabulu, abinci da zafinsa. Kuma don Allah kada ka sake dawowa gobe da tambaya."

Na dawo kuwa.

A tsakanin shan farko da na biyu ne na tafi yi wa Kaka sallama. Ita ta raine ni, ba yadda za a yi in haye jirgi ba ta sa mini albarka ba. Lokacin kogi ya cika, ana dashen tattasai, kuma a mota na ji ana cewa amai da zawo sun ɓulla a wani ƙauye can gaba. Ban tabbatar ba, wataƙila jita-jita ce, amma tun daga nan na fara lissafi. In na kwanta ciwo, shan na biyu ya wuce ni, tafiya ta rushe. A jakata akwai gorar ruwa biyu da ƙwayoyin nan masu tsabtace ruwan sha. Sai shafa su nake ta bayan jaka.

Na tarar an taru a inuwar zaure: kawuna, gwaggona, da Goni, tsohon malamin da ke yi wa gidanmu addu'a tun ban san kaina ba. Bayan gaisuwa Kaka ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya a rufe da faifai.

"Kwana uku Goni yana rubuta maka," ta ce. "Sha, maigidana. Ƙasar da za ka ba mu da kowa a can."

Rubutu ne, baƙi wuluk. Na kalli ƙwaryar, na kalli randar da ke gefe. Na san ruwan randar nan, daga kogi ake kawo shi a jarka bisa jaki.

"Kaka, bari in ɗan huta tukuna, yanzu na sauka."

"Rubutu ne zai gajiyar da kai?" in ji kawu. "Mutanen lakwal ke nan, ƴan boko. Ko sai an sa maka cokali?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na karɓi ƙwaryar na ce zan sha a ɗaki. Na ajiye ta, na zauna, na tashi, na leƙa waje, na dawo. In zubar? Ayar Allah ce, hannuna ba zai iya ba. In sha? Muryar majo na kunnena. In faɗa wa Kaka gaskiya? Sai na ga kamar zan ce mata ruwan da ta raine ni da shi ƙazanta ne. A yau ina ganin wannan na ukun shi ne mafi sauƙi, amma a lokacin shi na fi tsoro.

Sai na yi abin da nake zaton dabara ce. Na ɓare ƙwaya ɗaya na jefa a ciki, na rufe, na zauna ina kallon agogo, don takardar ƙwayar ta ce a jira rabin awa. Ko ita ma ban natsu da ita ba, tunda ruwa mai duhu ba lalle ƙwayar ta yi masa aiki sosai ba. Ina cikin wannan lissafi Kaka ta ɗaga labule.

"Ba ka sha ba?"

Ta buɗe faifan. Ban san ko hancin tsofaffi ya fi namu ba, amma nan take ta ɗago kai.

"Warin jabel nake ji, ruwan nan na wanke farin kaya. Me ka sa?"

Fatar ƙwayar na hannuna. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ta fita, na bi ta kamar wanda za a yanke wa hukunci.

"Goni, ga jikana ya yi wa rubutunka magani," ta ce. "A ɓoye."

Kawu ya buɗe baki, gwaggo ta harare shi. Ni kuwa na fara bayani, ina ta "wato", ina ta "ba wai", na kawo zancen sati biyu, na kawo na ƙauyen can gaba, har na rasa inda na dosa.

Goni ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, rubutun kake tsoro ko ruwan?"

"Ruwan, Allah gafarta malam."

"To me ya hana ka faɗa? Ni na ce maka sai da ruwan kogi aya ke aiki?" Ya juya wajen gwaggo. "Ɗora buta, ki bari ta tafasa sosai."

Na ce, cikin ƙaramar murya, "Tawadar fa?"

Nan kawu ya kasa daurewa. "Jama'a, ku ji! Saura ya tambayi ko an yi wa alƙalamin rigakafi!"

Goni ma sai da ya murmusa. Ya ce tawada ai dafa ta ake yi, amma don hankalina ya kwanta zai dama sabuwa da ruwan butar. Ya ɗauraye allon da ruwan zafi, ya zauna ya sake rubutawa tun daga farko, tsoho da shi, har la'asar. Na farkon kuma ya sa aka zuba a gindin bishiya, inda ƙafa ba ta takawa. Na sha sabon da ɗuminsa.

Amma Kaka ba ta kalle ni ba duk tsawon lokacin nan. Na kasa zama, na je bakin kogi na dawo, na sake komawa. Da motar Diffa ta kusa tashi na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini.

"Ba ƙwayar ba ce ta dame ni," ta ce. "Ka ɗauka in ka faɗa mini ba zan gane ba. Ni da na yi jinyar amai da zawo tun ba a haifi uwarka ba."

Ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta danƙa mini ƙullin auduga busasshiya, wadda aka jiƙa da ragowar rubutun aka shanya.

"In ka isa ka jiƙa ka sha. Da ruwanka na tafasa, ba da nasu ba. Ƙwayoyin nan kuma bar mini su, ka nuna wa gwaggonka yadda ake sawa a randa."

Na sha rigakafi na biyu a ranarsa, na tafi, na dawo lafiya. Har gobe ina tafasa ruwa, ina tambayar da ke gundurar mutane, kuma ban ga laifin haka ba. Abin da na daina shi ne yin taka-tsantsan a ɓoye. Wunin nan ya koya mini cewa in kana tsoron abu, ka faɗa wa mutanenka da bakinka. Ni na yanke wa Kaka hukuncin ba za ta fahimta ba, alhali ko tambayarta ban yi ba.